Babi na 7: Yadda Ake Karanta H₂O

Darasi na ɗaya: ƙwayar zarra

Ku ɗebi gishiri kaɗan ku daka shi har ya zama gari. A cikin ɗan ƙanƙanin garin nan da ya maƙale muku a yatsa akwai wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, ko da tabarau. Su ake kira ƙwayoyin zarra. Iri 118 masana suka sani, kowane iri da alamarsa. Iri huɗu kawai za mu riƙe. H shi ne haidirojin. O shi ne oksijin, iskar da jikinmu ke buƙata in mun yi numfashi. C shi ne kabon, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin gawayi. N shi ne naitirojin. Ku rubuta su da manyan baƙaƙe.

Darasi na biyu: ƙaramar lamba

Nan ne ake faɗuwa, don haka mu bi a hankali. Ga yadda ake rubuta ruwa: H₂O.

Ku ɗora yatsa a kan na ƙarshe. Harafin O ne, ba sifili ba. A kowane aji sai na samu mai karanta mini "H ashirin". Babu ashirin a nan, 'yan uwa.

Yanzu ku dubi 2 ɗin. Ƙarama ce, kuma ta ɗan sauka ƙasa da layi. Ta wa ce? Ta harafin da ke hagunta ce, wato H. Haidirojin biyu ke nan. O ba shi da lamba, shi ɗaya ne. Wanda ya saba da allo idonsa daga dama yake farawa, sai ya miƙa wa O lambar. Ba abin kunya ba ne, sabo ne. Amma a nan daga hagu ake farawa, lamba kuma ta harafin da ke hagunta ce.

Ku kawo wake da gyaɗa. Wake haidirojin, gyaɗa oksijin. Ku ajiye gyaɗa ɗaya, wake ɗaya a kowane gefenta. Ruwa ke nan. Ku ɗauka haidirojin hannu ɗaya gare shi, oksijin hannu biyu, shi ya sa gyaɗa ɗaya ke riƙe wake biyu. Kabon hannu huɗu gare shi.

Mu gwada CO₂. 2 ɗin ta wa ce? Wa ke hagunta? O. Kabon ɗaya, oksijin biyu. Madalla. Iskar da muke fitarwa ke nan. In aka cire 2 ɗin, sai ya zama CO, iskar da ke cikin hayaƙin janareta, wadda ke kashe mutane a ɗaki rufe suna barci. Kun ga lamba ɗaya ba abin wasa ba ce.

Sai H₂O₂. Wancan 2 na H, wannan na O. Ruwan wanke ciwo ne, ba a sha.

Haba jama'a! Na sha duba littattafai in tarar an rubuta 2 ɗin ƙatuwa, daidai da harafi, wasu ma a sama. Wanda bai rubuta H₂O sau goma a gida ba, kada ya ce mini darasi ya yi wuya. Ƙarama, a ƙasa, ta na hagu.

Darasi na uku: gishiri

NaCl. Ba lamba, ɗaya-ɗaya ne: Na shi ne sodiyam, Cl shi ne kulorin. A ruwa riƙon hannu ake yi. A gishiri kuwa sodiyam ne ya ba kulorin kyautar ilektiron ɗaya, wato wani ɗan ƙanƙanin abu da ke cikin ƙwayar zarra, sai suka manne. Kanwa ma akwai sodiyam a cikinta.

Darasi na huɗu: abinci

Sukarin da ke cikin jini: C₆H₁₂O₆. Ku ƙirga da kanku, 6 ta farko ta wa ce? Sitacin gero da shinkafa wannan sukarin ne aka jera kamar carbi. Man gyaɗa ma C da H da O ne. Wake, nama da ƙwai suna da N a ƙari.

Darasi na biyar

A sake karanta darasi na biyu. A zo da wake da gyaɗa ranar Asabar.