Yadda za ka kwatanta dokokin makarantun ƙasashe a furojek ɗinka

In supabaiza ya ba ka topik na wariyar mata ko ƙyamar 'yan luwaɗi a dokokin makaranta, kar ka ce za ka kwashi duniya, ƙasa biyu ko uku sun ishe ka wallahi. Kuma ka tsaya kan tambaya ɗaya tak, misali yarinya ta yi ciki, tana komawa aji ko korar ta ake?

Wannan tambayar kam akwai nama a jikinta. Saliyo ta hana 'yan mata masu ciki zuwa makaranta a 2015, kotun ECOWAS ta ce wariya ce a Disambar 2019, gwamnati ta janye a Maris 2020. A Tanzaniya kuwa shugaban ƙasa Magufuli ya tsaya kai da fata a 2017 cewa ba za su koma ba, sai a Nuwambar 2021 zamanin magajiyarsa Samia Suluhu aka sassauta. To ka duba me ya kawo sauyin a kowacce, can kotu ce, nan canjin shugaba, sannan ka tambaya shi yaron da ya yi cikin fa me dokar ta ce a kansa, yawanci a nan wariyar take ɓoye.

Ɗaya ɓangaren, wato na ƙyamar 'yan luwaɗi, ya fi santsi. Birtaniya ta yi Sashe na 28 na dokar ƙananan hukumomi a 1988 wanda ya hana ƙananan hukumomi "tallata" luwaɗi, malamai da yawa suka kama bakinsu ko ana cin zalin yaro a gabansu, Sikotilan ta soke shi a 2000, Ingila da Wales a 2003. Amma kar ka ɗauko takardar tambayoyin Turawa ka fassara kai tsaye, kalmomin ba sa hawa juna, ɗan daudu a wajenmu magana ce ta ɗabi'a da sana'a, ba lallai abin da Bature yake nufi ba.

Kuma takarda daban, aji daban. Nemi littafin dokokin makarantar da sakular ma'aikatar ilimi, wato takardun umarnin da take aika wa makarantu, sannan ka zauna da malamai ka ji yadda ake yi a zahiri.

In hirar a Najeriya ce ka tuna da dokar 2014, shekara 14 a gidan yari kan auren jinsi, saboda haka ba suna, ba hoto, ko sunan makaranta kar ka rubuta, rikodin ɗin ma ka sa masa faswod kafin ka bar wajen.