Yadda ake duba tafki kafin a saka kwale-kwale a shiga kamun kifi

Mutane da yawa da sun iso bakin tafki sai kawai su tura kwale-kwale su shige, su wuni suna jefa ƙugiya ko ɗaya ba su kama ba, su dawo suna cewa tafkin nan ba kifi. Kifi na nan wallahi, ruwan ne ba su tsaya sun duba ba. Kuma dubawar nan ba ta cin fiye da minti 15.

Da farko dai tukuna ka nemi izini. Tafkin jama'a akwai masu kula da shi, ko kwamiti ko hukuma, ka tambaye su ina ake sauke jirgi, an yarda da inji ko sai filafili kawai, akwai girman kifin da ba a ɗauka, akwai lokacin da ake rufewa saboda kifi na zuba ƙwai. Ƙananan tafkuna da yawa an hana injin fetur a cikinsu, kuma ni ina goyon bayan haka, dan igiyar ruwan da yake tayarwa cin gaɓa take yi.

To sai ruwan kansa, nan ne nake so ka daɗe. Ka tsoma hannunka har gwiwar hannu ka duba tafin. In ruwan kore-kore ne kuma tafin ya fara ɓacewa wajen santimita 30 zuwa 45, ruwa ne mai abinci, kifi na jin daɗinsa. In tun a wuyan hannu ya ɓace kuma ruwan ya yi kore shar kamar an zuba fenti, gansakuka ta yi yawa, irin wannan ruwan da rana yana cika da iskar oksijin amma da dare ita gansakukar da kifin da ruɓaɓɓen ganyen ƙasa duk shaƙarta suke yi, shi ya sa da asuba iskar ta fi ƙaranci. In ka zo da sassafe ka ga kifi sun taso sama suna buɗe baki suna haɗiyar iska, kar ka yi murna, wahala suke sha ba za su ci koto ba, ka jira rana ta ɗan ɗaga. Haka ma in an yi kwana biyu ko uku ana hadari ba rana. Tarwaɗa ce dai ba ruwanta sosai tunda tana iya shaƙar iskar sama, amma karfasa takan yi laushi, ita ta fi son ruwa mai ɗumi kamar digiri 25 zuwa 30, in sanyi ya shigo cinta raguwa yake.

In kuma ruwan ja ne saboda an sha ruwan sama jiya, kifi ba ya gani sosai, da ƙanshi yake neman abinci, sai ka sa tana ko wani koto mai wari ka sauke shi ƙasa-ƙasa, musamman inda ruwa ke kwararowa cikin tafkin.

Ka duba iska ma. Gefen da take kaɗawa zuwa can take tara ƙwari da ƙananan abinci, ƙananan kifi su bi, manya su biyo su. Amma fa in ka ga ruwa na tashi da farin kumfa, ranar ba ta ƙaramin jirgi ba ce, ka yi fatsarka daga gaɓa.

Yanzu wajen sauke jirgi. Nemi inda gangaren bai yi tsayi ba kuma ƙasan da tauri, ka soka gora ka ji, in ta nutse cikin laka ba ta tsaya ba canza waje, laka na riƙe ƙafar mutum har gwiwa. Ka sa takalmi saboda kwalba da ƙugiyoyin da aka yar. A wuraren da ake fama da tsargiya kuwa ka rage tsayuwa cikin ruwan da ba ya gudu, dan daga katantanwar ruwa ƙwayar ke fitowa ta shiga ta fata.

Ka sa jirgin a ruwa ka bar shi minti biyu ka ga ko yana yoyo. Kaya masu nauyi a tsakiya kuma a ƙasa, da ƙwarya ko roba ta kwarfe ruwa, waya cikin leda a ɗaure. Rigar ceto a jikinka take, ba a ƙarƙashin mazauni ba, ko ka iya iyo, ciyawar ruwa na nannaɗe ƙafa. Wajen shiga ka duƙa, hannu biyu a gefen jirgi, ƙafa a tsakiya, mutum ɗaya bayan ɗaya. Kuma dan Allah ka gaya wa wani a gida ina ka je da ƙarfe nawa za ka dawo.

A cikin ruwa a hankali ake tuƙi. Ƙara na gudu a ruwa kusan ninki huɗu na yadda take a iska, buga filafili a jikin jirgi sau ɗaya ya isa ya watsa kifin wajen. Ka tsaya nesa kaɗan da bakin ciyawa ko itacen da ya faɗa ruwa ko inuwa, ka ɗaure dutsen da ake saukewa ƙasan ruwa ya tsayar da jirgi ta gaban jirgin ba ta gefe ba, ka jefa ƙugiya a zaune. In ka yi minti 20 shiru, canza zurfi kafin ka canza waje.

Da ka ji tsawa ka fito, ka jira minti 30 bayan ta ƙarshe. In jirgi ya kife ka riƙe shi, kar ka sake shi ka ce za ka yi iyo zuwa gaɓa.

In ka fito ka tsince duk ciyawar da ta manne, ka zubar da ruwan ciki a nan, ka shanya jirgin kamar kwana 5 kafin ka kai shi wani tafkin, ɗan guntun kainuwa ɗaya na iya rufe ruwa gaba ɗaya. Tsinkakken zare kuma ka sa a aljihu, tsuntsaye na maƙalewa a ciki.