Kafin ki biya lauya kuɗin shari'ar rabuwar aure a Kaduna

'Yar'uwa, kafin ki tambayi farashi, tambayi kanki wane irin aure aka ɗaura miki, domin shi ke faɗa miki kotun da za ki, kotun kuma ita ke yanke yawan abin da zai fita daga jakarki.

In auren Musulunci ne, kotun shari'a za ki nufa, irin ta Magajin Gari ko ta Rigasa. A nan ba dole ba ne sai da lauya. Na yi aikin buga takardu a ofishin lauyoyi, na ga mata da yawa sun tsaya gaban alƙali da bakinsu, abin da suka kashe bai wuce kuɗin shigar da ƙara da na kai sammaci ba. In khul'i kike nema, wato ke ce kike son fansar kanki daga auren, babban kuɗin shi ne sadakin da za ki mayar, sai ki fara tanadinsa. Ni a ganina, lauya na zama tilas ne in rigimar ta kai ga riƙon yara, kuɗin ciyarwa, ko gidan da kuka gina tare.

Auren rajista kuwa sai Babbar Kotu, ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970. Galibi ba a shigar da ƙara kafin auren ya cika shekara 2 sai da izinin kotu, kuma ko an yanke hukunci sai an jira wata 3 kafin ya tabbata. Wannan kam nemi lauya, takardunsa ba na wasa ba ne.

To, ga inda ake cin mutane. Lauya zai faɗi kuɗinsa, ki ji daɗi, ashe bai haɗa da kuɗin zama ba. Duk ranar da ya je kotu sai kin ba shi na mota, ko da alƙali bai zauna ba, ko mijin ya ƙi zuwa an ɗage. Na sha ganin mace ta kwance bakin zani a gaban teburina tana ƙirga canji, alhali ba a ko kira shari'arta ba. Saboda haka ki tambaye shi kai tsaye: "Barista, wannan kuɗin har ƙarshen shari'a ne? In an ɗaga fa? In aka ɗaukaka ƙara, sabon ciniki ne?" Abin da ya amsa a rubuta, ya sa hannu. Ki nemi a raba biyan kashi-kashi, ki karɓi rasit kowane lokaci, na kotu daban, nasa daban. Kada kunya ta hana ki tayawa, ana ragi.

In babu hali, je ki ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, suna da reshe a Kaduna, suna taimaka wa mata marasa ƙarfi kyauta. Ki tafi da takardar aure in akwai, da takardun haihuwar yara, da sunayen waɗanda suka shaida sadakin.