Yadda za ka ɗora 'yarka kan tanis a Gombe ko da babu fili a unguwarku

Ranar Babbar Sallar 2022, 9 ga Yuli, mutanen gidanmu suna tsakar gida ana ta fama da suyar naman layya, ni kuwa na kafe a falo ina kallon wata 'yar Tunisiya mai suna Ons Jabeur tana buga wasan ƙarshe na Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila. Ta ci set ɗin farko, wato kashin farko na wasan, 6-3 har na fara cewa shikenan yau kofi ya zo Afirka, sai Elena Rybakina ta juya mata wasan ta cinye sauran biyun 6-2, 6-2, wallahi ranar naman ma bai min daɗi ba. 'Yata tana da shekara shida lokacin, ta shigo da tsoka a hannu ta tsaya tana kallo, can ta ce Baba wannan Musulma ce? Na ce eh. Ta ce toh ni ma zan yi. Daga nan wahalata ta fara, kuma abin da na tsinta a hanya shi zan baje muku, musamman masu cewa ai a Gombe ina za a samu fili.

Fili ba shi ne farko ba. Ita kanta Jabeur da mahaifiyarta ta fara kai ta wasan tana shekara 3 a garin Sousse, kulob ɗinsu ba shi da filin kansa, filayen otal-otal na 'yan yawon buɗe ido suke ara su yi atisaye. Shahararrun 'yan tanis na Amurka Serena Williams da yayarta Venus a filayen gwamnati na Compton ubansu ya koya musu, unguwar da ba ta masu kuɗi ba ce. Toh kai abin da kake buƙata a watannin farko bango ne kawai. Bango mai filasta wanda babu taga kusa, da ƙasa mai siminti ko daɓe mai tauri a gabansa. Ka ɗauko alli ko gawayi ka ja layi a jikinsa, tsayin ƙafa uku daga ƙasa, wato santimita 91, daidai tsayin tsakiyar ragar tanis kenan. Yarinya ta tsaya ɗan nesa ta buga ƙwallo sama da layin, ta bari ta dira sau ɗaya, ta sake bugawa. Ku dinga ƙirgawa da ƙarfi. Ranar farko tawa uku ta yi a jere, ta yi ta murna kamar ta ci kofi. Bango baya gajiya kuma baya kuskure, duk abin da ka ba shi zai dawo maka da shi, shi ya sa har manyan 'yan wasa ba sa raina shi.

Inda na tafka kuskure kuma bana so ku maimaita shi ne wajen raket. Na shiga gwanjo na ga wani raket mai kyau na manya, na ce ai za ta girma da shi, kamar dai yadda muke saya wa yara takalmi da ɗan ƙari. Sati biyu yarinya ta fara kukan wuyan hannu, tana ɗaga shi da hannu biyu kamar taɓarya. Raket ɗin manya inci 27 ne, bai dace da ita ba sam. 'Yar shekara 4 zuwa 5 inci 19 ko 21 ya ishe ta, 6 zuwa 8 a nemi inci 23, daga 9 zuwa 10 sai 25. In ba a rubuta a jiki ba, ta miƙe tsaye ta riƙe shi ta saki hannu ƙasa, in kan raket ɗin yana jan ƙasa har sai ta lanƙwasa hannu toh ya mata tsawo, a ajiye.

Ƙwallo ma haka. Wannan ruwan ɗorawar da muke gani a talabijin tana tashi sama har ta wuce kan ƙaramar yarinya, sai ta koyi bugu na banza tana kare fuska. Akwai ƙwallayen yara masu laushi kala uku, ja ita ce mafi sanyi ta 'yan farawa, sai mai ruwan lemo, sai mai ɗigon kore wadda ta kusa ta manya. In ja ta yi wuyar samu a nan, ka aika a nemo maka a Kano ko Abuja, kafin ta iso kuma tsohuwar ƙwallon da ta saki ta daina tsalle sosai tana rage zafi. Filin masu jar ƙwallo ɗan ƙarami ne, tsawonsa kamar mita 11, don haka tsakar gida mai ɗan faɗi da igiyar shanya da aka sauke ƙasa ƙasa sun wadatar. Mu da igiyar shanyar maman yara muka fara, an sha rigima akan haka ba kaɗan ba.

Lokaci kuma, duk wanda ya san zafin Gombe a Maris da Afrilu baya buƙatar bayani. Bayan asuba ko bayan la'asar, shikenan. Matsalar ita ce la'asar ɗin ta Islamiyya ce, ni dai ban yarda a taɓa Islamiyya saboda wasa ba, sai muka mayar da abin Alhamis da Juma'a da yamma, da safiyar ranakun da babu boko. Minti 20 zuwa 30 ya isa, a tashi tun tana so a ci gaba, kar a bari sai ta gaji ta tsani abin. Ruwa a gora dole, takalmi kuma kambas mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, banda silifas banda but ɗin ƙwallon ƙafa.

Kai ma uba ka koyi lissafin wasan dan Allah, kar yarinya ta fi ka. Maki na farko 15, na biyu 30, na uku 40, na huɗu an ci gem. In aka yi 40-40 sai wani ya ci biyu a jere. Gem shida da tazarar biyu shi ne set, in an yi 6-6 a raba gardama da taibirek, mata kuma wadda ta fara cin set biyu ita ta yi nasara.

Sai ta iya mayar da ƙwallo sau ashirin a bango ba tare da ta faɗi ba sannan ka fara neman fili da koci. Ka je ofishin hukumar wasanni ta jiha ka tambayi masu kula da tanis, ka leƙa manyan makarantu da kulob ɗin ma'aikata, galibi in akwai fili a irin wuraren nan yake kuma za ka tarar da dattawa suna bugawa da yamma, su suka san kowa. Kar ka biya kuɗin wata uku gaba ɗaya, ni na taɓa yi, mutumin ya zo sau huɗu daga nan wayarsa ta daina shiga. Ka zauna ka kalli darasin da kanka ko mamanta ko goggonta su zauna, 'ya mace ce ba a barin ta ita kaɗai da kowa ko waye shi. Kocin kirki zai fi damuwa da riƙon raket da motsin ƙafa akan ƙarfin bugu. Kuma in ka dace da na kirki ka riƙe shi gam, Jabeur wajen shekara goma ta yi hannun koci ɗaya, Nabil Mlika, tun tana 'yar shekara 4. Abin da ke burge ni da wasanta ma wayo ne, tana yin kamar za ta narka bugu sai ta ɗan shafa ƙwallon ta faɗi dab da raga ta mutu a wurin, abokiyar karawa tana can baya tana gudun banza. Irin wannan hannun yaro da wasa yake samunsa, don haka in ka ga 'yarka tana 'yan dabaru da ƙwallo kar ka daka mata tsawa wai ta yi yadda aka ce.

Maganar kaya kuwa ita ce farkon abin da baffanninta za su tare ka da shi, 'ya mace da ɗan guntun siket? Ba dole bane. Tawa da dogon wando take yi da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi wanda baya kaɗawa. Hukumar tanis ta mata ta duniya WTA ma tun 2019 ta amince a buga da dogon wando mai kama jiki ko babu siket a sama. Da na kai Baffa ya gani da idonsa sai ya yi shiru, da ya buɗe baki kuma ƙwallon ya tambaya nawa ake sayarwa.

Yanzu ga inda abin yake da ɗaci. Tsanin yana da tsawo. Daga gasannin yara na cikin gida ƙarƙashin hukumar tanis ta Najeriya, sai gasannin matasa na hukumar tanis ta duniya ITF da ake shiga daga shekara 13 zuwa 18, sai ƙananan gasannin ƙwararru da kuɗin da ake rabawa kowa da kowa dala 15,000 ne, wanda in an fitar da ke a zagayen farko abin da za ki samu ko kuɗin jirgi bazai biya ba. A gida akwai Dala Hard Court a Kano da gasar CBN, ko kallo ne ka kai ta ta ga yadda manya suke yi. Dubi Jabeur, tana shekara 12 ta bar iyayenta ta koma makarantar wasanni a Tunis babban birni, ta ci gasar matasa ta French Open a 2011, kowa ya ce ai ta iso. Ina! Sai 2017 ta shiga cikin ɗari na farko a duniya, shekarar da ta samu tallafi daga asusun Grand Slam, wato manyan gasannin tanis huɗu na duniya. Kwata fainal na Australian Open a 2020, kofin WTA na farko a Birmingham 2021, shekara goma cif bayan wancan na matasa, kuma ita ce Balarabiya ta farko da ta yi hakan. Sannan Madrid 2022, ta kai ta biyu a duniya, ta je wasan ƙarshe na Grand Slam sau uku, Wimbledon sau biyu da US Open sau ɗaya, duka ukun ta sha kashi. Na Wimbledon 2023 da Vondrousova ta doke ta 6-4, 6-4 ta yi kuka a fili, ni ma dai sai da na tashi na fita waje. Mijinta Karim Kamoun shi ne mai horar da ita wajen motsa jiki, kun ga kenan aure bai tsayar da ita ba, wannan na ajiye shi musamman saboda goggonnin yarinya.

Saboda tsawon hanyar nan ne na ce boko baya tsayawa ko na zango ɗaya. Jami'o'in Amurka suna ba 'yan mata masu buga tanis gurbin karatu da tallafi, amma sai da sakamako mai kyau da Turanci, ni a lissafina wannan ƙofar ta fi kusa da 'yar Gombe akan Wimbledon nesa ba kusa ba. Ka buɗe littafi ka dinga rubuta duk gasar da ta shiga da wadda ta kara da ita da sakamako, ka ɗauki bidiyo a waya ka adana, su za a tambaye ka in lokacin ya zo.

In kuna kallon wasa tare kuma, ko a YouTube ne in data ta samu, ka ce mata ta daina bin ƙwallo da ido na gem ɗaya, ta kalli ƙafafun 'yar wasa ɗaya kawai. Za ta ga duk sanda waccan za ta buga, wannan tana yin ɗan tsalle ta dira kan yatsu kafin ta zabura. Ku fita tsakar gida ta gwada a gaban bango, sau goma, kafin a kira magariba.