Kurakuran da ke raba mu da ƙudan zuma a Sakkwato

A 2006 masu kiwon zuma a Amurka suka fara wayar gari su tarar ƙudajen da ke aiki a cikin amya sun ɓace, an bar sarauniya da 'ya'ya. Da masana suka bincika, sai suka ga abubuwa ne suka taru: wata 'yar kaska mai suna Baroa, da magungunan feshi, da ƙarancin fure. Ƙudanmu na Afirka ya fi jure wa kaskar nan. Abin da ke cin namu, galibi daga hannunmu yake.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ɗibar zuma da wuta. A hau bishiya da dare da damin kara yana ci, a babbake ƙudan, a kwashe saƙa duka har da mai tsutsa. Tsutsar nan ita ce ma'aikatan gobe, kusan mako uku suke yi daga ƙwai zuwa fitowa. Hayaki ake buƙata, ba harshen wuta ba. Busasshen kashin shanu ya isa. Yanki saƙar da aka liƙe bakinta da kaki, ita ce ta nuna. Bar ta 'ya'ya, ka bar musu ta ci, in ba haka ba su yi ƙaura.

Sai feshi. A fadamun Goronyo da Wurno, da hantsi ƙudan ke kan furen kankana, shi ke kai garin fure daga namiji zuwa mace. Manomin da ya yi feshi a lokacin ya kashe mai yi masa aiki kyauta. Jira sai dab da magariba, ka kuma sanar da maƙwabcinka mai amya. Duba jikin kwalba: in ka ga sunan maganin ƙwarin nan imidacloprid, ka sani tun 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a fili saboda ƙudan zuma.

Ruwa kuwa, mantawa ake yi. Ɗakin 'ya'ya ba ya son wuce digiri 35, ga bazararmu tana haura 40, da ruwa suke sanyaya shi. Rataye amya a inuwa, ka ajiye kasko kusa, ka zuba tsakuwa a ciki don kada su nutse.

Mai saran itace kuma, don Allah ya ƙyale gawo, domin da rani yake fure, lokacin da daji ya bushe.