Yadda Ake Nemo Takardar Amincewar FIA ta Tsohuwar Motar Tsere

1. Wannan ita ce takardar da ke nuna kayan da FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ta amince mota ta yi tsere da su. Fara da lambar shasi da shekarar ƙira. Misali, motocin Ford Sierra Cosworth ta 1986 da Sierra RS500 ta 1987 ba kayansu ɗaya ba.

2. Shiga rumbun tarihi na FIA a intanet, ka nemo motar da sunan kamfaninta.

3. Sauke takardar duka, har da ƙarin shafuka masu alamar VO (kayan zaɓi da aka amince da su) da ER (gyaran kuskure). Nan ake yawan tuntuɓe. Kowane ƙari da kwanan watansa, kuma birki ko fiffiken jikin mota da aka amince da shi bayan zamanin motarka, masu duba mota ba za su karɓa ba.

4. In hoton da ke cikin takardar ya dushe, nemi kwafi wurin hukumar tseren ƙasar, kamar Motorsport UK a Birtaniya, kafin neman fasfon HTP, wato takardar shaidar tsohuwar motar tsere.