Yadda Ake Doguwar Tafiya da Keke a Gaɓar Teku daga Legas

Wanda ya yi niyyar bin gaɓar teku da keke daga Legas zuwa yamma, sai ya ɗauki hanyar Badagry, ya wuce Ojo da Agbara, ya nufi iyakar Seme wadda daga ita ake shiga Jamhuriyar Benin. A tashi da zarar an idar da sallar asuba, domin idan hantsi ya dubi ludayi motocin danfo da tireloli sun cika titi, kuma ba kasafai suke ragawa mai keke ba.

Babban abokin gaban keke a wannan hanya shi ne gishirin da iskar teku ke ɗaukowa, wanda yake haɗuwa da rairayi ya maƙale a kaca, har ka ji tana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Saboda haka kowace yamma a goge ta da tsumma, a ɗiga mata mai kaɗan, ban da baƙin man mota, domin shi ƙara tara yashi yake yi. A duba birki ma, tsatsa ba ta jira.

A riƙe famfo da kayan faci da isasshen ruwan sha, a kuma sa hular kwano. A ganina watan Disamba ya fi dacewa, tunda ruwan Yuni da Yuli yakan cika ramukan titi ya ɓoye su. Mai son zarcewa Kwatano ya tanadi fasfo da katin rigakafin shawara.